Ma'aikatan ɓoye a gindin shuka

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau zai leƙa ƙarƙashin ƙasa ne, can inda saiwa take.

Manomi ya zuba takin zamani, ya koma gida da zaton shukarsa ta samu rabonta. To amma in ana batun fosfaras, wato harafin P ɗin nan da ke tsakiyar NPK a jikin buhu, abin da shuka ke sha a shekarar farko sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akasarin sauran yana nan a gonar, ƙasa ce ta riƙe shi gam. Inda ƙasa take da tsami, ƙarfe da alminiyam ne ke kama shi, inda take da yawan alli kuwa kalshiyam ne. Ita ko saiwa ba ta shan abin da bai narke ba. Sai ka ga masara ta tsumbure, ganyenta ya soma shunayya, alhali abincinta na kwance a gindinta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

A nan ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke shigowa. Dangin Bacillus da Pseudomonas ne suka fi suna a wannan aiki. Suna taruwa a ɗan kewayen da ke manne da saiwa, wurin da Bajamushen masani Lorenz Hiltner ya raɗa wa suna rhizosphere tun 1904, kuma ba don Allah suke taruwa ba. Saiwa na tsattsafar da sukari, su ci, su kuma su fitar da ruwan tsami iri-iri, musamman asid ɗin gulukonik. Wannan tsami shi ke kwance fosfaras daga hannun kalshiyam ko ƙarfe. Wasunsu kuma suna fitar da sinadaran da ke ɓanɓaro shi daga ruɓaɓɓun ganyaye da kashin dabbobi. Kusancin na da muhimmanci ƙwarai, domin fosfaras ba matafiyi ba ne. 'Yan milimitoci kawai yake motsawa a cikin ƙasa, in ba a narkar da shi a bakin saiwa ba, da wuya ya iso gare ta.

Ba yau aka gano haka ba. A shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet ta riƙa cuɗa iri da Bacillus megaterium kafin shuka. A 2019 kuma cibiyar binciken aikin gona ta Brazil, Embrapa, ta fito da wani haɗi mai suna BiomaPhos don manoman masara.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Ana yawan zaton aikin waɗannan ƙwayoyi ɗaya ne da na 'yan uwansu da ke zaune a saiwar wake, kuma kuskure ne. Na saiwar wake daga iska suke jawo naitirojin, iska kuwa ba ta ƙarewa. Fosfaras babu shi a iska. Bakteriya ba ta ƙirƙirar ko ƙwaya ɗaya, abin da ke cikin rumbu kawai take buɗewa. Gonar da aka shekara ashirin ana zuba mata taki tana da ajiyar da za a buɗe. Wadda aka yi ta kwashe amfani ba a mayar mata da komai ba, ko ganga guda aka juye mata, mabuɗin rumbun da ba hatsi aka ba ta. Don haka duk mai tallar da ya ce kwalbarsa ta raba ka da taki har abada, ya faɗi abin da kwalbar ba za ta iya ba.

Sannan abin da ya yi kyau a ɗakin gwaje-gwaje ba lallai ya yi a gona ba. A faranti, ƙwayar na zaune ita kaɗai da abinci a gabanta. A gona kuwa baƙuwa ce, ta tarar da biliyoyin 'yan gida a cikin cokali guda na ƙasa, ga zafi, ga fari. Shi ya sa sakamakon gwajin gonaki yake hawa da sauka.

Duk da haka ban raina aikin ba. Fosfaras daga dutse ake haƙo shi, kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar da aka sani a duniya tana hannun Maroko, kuma a 2008 farashin dutsen ya ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci. Duk abin da zai sa shuka ta ci wanda aka riga aka saya aka zuba, riba ce.

Wanda zai gwada, ya tuna abu mai rai ya saya. Ya duba ranar lalacewa, ya ajiye a inuwa, kada ya shanya irin da ya cuɗa a rana. Ya kuma ware kunya biyu ko uku da bai sa wa ba, ranar girbi ya auna su dabam.