Tsatsar da ta biyo mota tun daga Amurka har Agege

Assalamu alaikum jama'a. Yau a Agege nake, garejin wani ɗan'uwanmu Bakatsine. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, Legas ke nan.

Kwana uku ina jin warin fetur duk inda na faka mota. Na ɗauka murfin tanki ne bai rufu sosai ba. Da aka ɗaga ta kuwa... bari in sunkuyar da wayar ku gane wa idonku. Kun ga wannan ƙarfen mai kama da ɗamara? Su biyu ne, su ke riƙe da tankin mai. Oga, don Allah ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana. Kun gani? Zubowa yake kamar ƙanzo. Ga bututun mai nan gefe ya jiƙe, ta nan yake tsiyaya, ga kuma salansa ba nisa. A haka nake shiga cunkoson Oshodi da yara a baya. Allah ne dai Ya tsare.

Tokumbo ce, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a kawo ta nan. Ranar saye fenti na duba, da kujeru, da sanyin iyakwandishan. Ko sunkuyawa ban yi ba.

Oga ya ce wannan ba tsatsar Legas ba ce, da abarta ta zo. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, irin su Michigan da Ohio da New York, gishiri ake watsa wa titi lokacin sanyi don ƙanƙarar ta narke. Ruwan gishirin ya fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungu, shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Mu kuma muka ƙara mata da iskar teku da ruwan da muke kutsawa duk damina.

Can sun san da matsalar. A 2011 kamfanin Ford ya yi kira ga masu motocinsa su mayar a gyara musu, motoci kusan miliyan 1.1, yawancinsu F-150, saboda irin wannan ɗamarar tana ruɓewa har tanki ya faɗo yana jan ƙasa. A 2022 Honda ta kira Ridgeline ƙirar 2006 zuwa 2014, sama da 112,000, don tsatsa tana cin wurin da tankin ke rataye. Kuma gyaran kyauta ne, ko sisi mai mota ba ya biya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, takardar kiran gidan wanda ya yi rajistar motar a can ake aika ta. Tana kwance a akwatin wasiƙun wani a Ohio, motar kuwa ta daɗe da fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can tana jigilar iyalin wani zuwa Mile 12. Wa zai gaya masa?

To ga abin da na koya a makare. Lambar VIN, wadda ake cewa lambar casis, haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ka shiga shafin NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka, ka rubuta ta, zai nuna maka kiran da ba a kai motar gyara ba. Bayan nan, kafin ka saya, ka zo da tocila da bakanikenka, ba na dillali ba, ku duba ƙarƙashin motar. In dillalin ya fara "Alhaji ai ba sai an ɗaga ba", ka san inda aka dosa.

Wani ɗazu ya ce a ɗan liƙa walda kawai. Oga ya harare shi, ya ce kusa da tanki? Sai dai ba a garejinsa ba. Yanzu yaronsa zai hau danfo zuwa Ladipo, kasuwar kayan mota, neman ɗamara da bututu, ni kuma yau ƙafata ce motata. Oga, ka ce masa ya ƙwanƙwasa kafin ya biya, kar ya kwaso mana wata tsatsar.