Tsohuwar Browning: a fara da sifirin kafin a sayi sabon kaya

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu kula da ma'ajiyar makamai, bindigar da ke kan teburin nan ta girmi yawancinku. Browning Hi-Power ce, ƙaramar bindigar hannu. John Browning ya fara zana ta, ya rasu a 1926 bai gama ba, sai Dieudonné Saive ya ƙarasa aikin a kamfanin FN na Beljiyam, ta fito a 1935 tana cin harsashi 13. Sojojin Birtaniya sun riƙe ta har 2013 kafin su koma Glock 17.

To, ƙorafin da nake yawan ji shi ne, "Oga, ta tsufa, tana cijewa." Sai mutum ya fara lissafin sabon bututu da sabon mariƙi. Ku dakata! Sau da yawa laifin na gidan harsashi ne. Sifirin ɗin cikinsa ya gaji, ko leɓɓansa sun buɗe, harsashi ya taso a karkace. Ku rubuta lamba a gindin kowane gidan harsashi, wanda ya ba da matsala sau biyu a ware shi.

Bayan shi sai sifirin ɗin da ke mayar da murfin sama, wato ƙarfen saman bindigar da ke ja baya ya dawo in an harba. Na taɓa karɓar wata bindiga daga hannun wani yaro yana rantsuwa aljanu ne da ita. Na cire gidan harsashi, na leƙa cikin bututu na tabbatar babu komai (wannan kam ba a tsallake shi, ko da malaminka ne ya miƙo maka), na kwance ta. Da na jera tsohon sifirin kusa da sabo a kan tsumma, sai ga shi ya gajarce ƙwarai. Murfin yana ta dukan jikin bindigar kenan ba wanda ya kula. Irin wannan duka ne ke tsaga ƙarfe, musamman idan ana ɗura mata harsashi mai ƙarfin da ya wuce ƙima.

Mai kuma, kaɗan ya isa. Lokacin hunturu, mai da ƙura in suka haɗu sai su zama kamar kunu.

Gyaran da nake goyon baya biyu ne: saiti mai girma, wato abin da ake dubawa a auna hari, domin na tsofaffin ƙanana ne, da maɓallin tsaro mai faɗi irin na samfurin Mark III. Amma akwai makullin da ke hana ta tashi idan babu gidan harsashi. Wasu na cire shi wai don kunama ta yi laushi. A ma'ajiyata ban taɓa yarda ba, kuma duk wanda na kama da zarto a kusa da kunama, ni da shi ne.

Sai ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Ta tsofaffin farko a ciki take, samunta da wuya, don haka kada ku bari murfi ya faɗo a kan harsashin da aka sa a bututu da hannu, kada ta karye. Akwai mai tambaya?