Faifan da aka kulle ya ƙi buɗewa: me za ka fara yi?

Assalamu alaikum. Ka kunna laftof, maimakon Windows ya buɗe sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48. Ko kuwa ka jona faifan waje, kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat. Don Allah kada ka danna. Ɗauke hannunka tukuna, mu bi abin daki-daki.

Wannan kullen mai neman lambobi 48 sunansa BitLocker, tsarin da ke rikita bayanan faifai ta yadda sai da makulli za a iya karanta su. Yana cikin Windows tun zamanin Vista, kuma daga fitowar Windows 11 ta 24H2 a 2024, yakan kunna kansa idan an zuba sabon Windows aka shiga da asusun Microsoft. Shi ya sa mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba.

Shuɗin allon nan ba lallai ne alamar lalacewa ba. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntu mai suna TPM, shi ke riƙe da makulli. Idan an sabunta BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta), ko an taɓa Secure Boot (saitin tsaro na lokacin tayarwa), ko an cire faifan an kai shi wata kwamfuta, sai makullin ya ƙi fitowa. Bayananka suna nan lafiya lau. Ɗauki waya, shiga asusunka na Microsoft, ka nemo lambobin da shaidarsu ta yi daidai da wadda allon ya nuna. In ta ofis ce, tambayi masu kula da kwamfutocinku.

To, idan lambobin daidai ne amma faifan ya ƙi, ko ya buɗe fayiloli suka fito a hargitse fa? Nan ne aikin yake. Galibi ba kullen ne ya ɓata komai ba. Faifan ne ya fara mutuwa, ko wayar USB ta saki, ko RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na da matsala, ko an ɗauke wuta ana tsaka da rubutu. Kullen dai yana ƙara wa ɓarnar nauyi. Tsarin AES, wanda BitLocker ke kulle bayanai da shi, yana aiki ne da bait (ƙananan guntayen bayani) 16 a dunƙule, saboda haka ɗigo ɗaya a cikinsu ya juye, dukan 16 sun rikice. Wannan ma da sauƙi, fayil ɗaya ne zai tafi. Babban haɗarin yana ɗan wurin da aka ajiye bayanan makulli. BitLocker na ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. A Linux kuwa, wato wata babbar manhaja takwarar Windows, tsarin kullensa mai suna LUKS ya tara su a farkon faifai, kuma idan wurin makullin ya goge, ko ka san kalmar sirri ba za ta yi maka amfani ba.

Saboda haka aikin farko shi ne kwafi, ba gyara ba. A ganina nan ne mafi yawan bayanai ke salwanta, a hannun mai gaggawar gyara. Ka samo wani faifai mai girman na farkon ko fiye, ka tayar da kwamfuta daga filashin Linux, ka yi amfani da manhajar kwafi mai suna ddrescue. Shi yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ya koma kan masu wuya daga baya, yana rubuta inda ya tsaya. Ko wuta ta sake tafiya, daga nan zai ɗora. Kwafin zai fito a kulle, kuma haka ake so. Idan faifan yana ƙwas-ƙwas, kashe shi nan take, wannan aikin ƙwararru ne.

Bayan kwafi sai binciken dalili. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka ko faifan na tara wuraren da suka mutu. MemTest86 zai gwada RAM, ka bar shi ya kwana yana aiki. Kada ka tsallake wannan, domin RAM mai matsala za ta ɓata sabon kwafin ma.

Yanzu duk gwaji a kan kwafin za a yi shi. A buɗe kulle tukuna, a kwashe fayilolin da suka fi muhimmanci, sannan a kunna chkdsk, umarnin Windows mai gyara tsarin fayiloli. Masu Linux, fsck (takwaran chkdsk) a kan faifan da aka riga aka buɗe ake yin sa, kuma tun yau ku adana kwafin wurin makullin faifanku da umarnin cryptsetup luksHeaderBackup.

Idan BitLocker ya ƙi buɗewa sam, akwai wani umarnin ceto bayanai mai suna repair-bde a cikin Windows. Za ka ba shi lambobin nan 48, ya warware abin da zai iya, ya zuba a wani faifai na dabam. Ka kula sosai, faifan da za a zuba a ciki gogewa zai yi kakaf, don haka kada ya kasance akwai komai naka a kai. Shi ma repair-bde ba ya aiki sai da makulli. Idan lambobin sun ɓace, manhajojin dawo da fayil ba za su ga komai ba, kuma Microsoft da kansa ba zai iya ƙirƙiro maka su ba.