Warin ɗakin kaji: alif, toka da abin da ke tsakaninsu

Assalamu alaikum. Abubuwa uku na zo da su: daga ina warin yake, me ake zubawa, sai kuɗi. Na baya, kuna jina?

To. Wannan warin da ke sa hawaye idan ka shiga ɗakin kaji da asuba, sunansa amoniya. Kaza ba ta fitsari kamar akuya, kashi da fitsarin tare suke fita, farin nan da kuke gani a kan kashin. Ƙwayoyin cuta na cikin shimfiɗa, dusar katako ce ko ɓuntun shinkafa, su ke narka farin nan ya zama iska. Jiƙa da zafi ke ba su ƙarfi. Masana sun ce kada ya wuce 25 a ma'aunin ppm, wato ɓangare 25 cikin miliyan na iskar ɗakin. Ya kai 50, idon kaza na lalacewa, hanyar numfashinta ta raunana, sai tari, sai rashin ƙiba. Kai kana tsaye, ita hancinta na ƙasa. Kuma hancinka ya saba, Alhaji, kar ka yarda da shi!

Na biyu, nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Amoniya tana tashi ne idan shimfiɗa ba ta da tsami. Ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, ya haura 8, sai ta yi sama. Ya sauko ƙasa da 7, sai ta maƙale a cikin kashin, ba ta tashi. Shi ke nan sirrin. Saboda haka abu mai tsami ake zubawa. Alif, eh, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. A Amurka, jihar Arkansas, wani masani Philip Moore na ma'aikatar gona ya yi ta gwada shi tun shekarun 1990. Suna zuba tan 1 zuwa 2 a ɗakin kaji 20,000 kafin sababbin tsaki su shigo. Akwai kuma wani sinadari mai tsami, sodiyam baisalfet, suna sayar da shi da sunan PLT.

Amma mu me muke yi? Toka! Farar ƙasa! Jama'a, toka kishiyar tsami ce, kamar kanwa a miyar yakuwa. Ka barbaɗa ta kaji na ciki, ka buɗe wa amoniya ƙofa. Zan sake faɗa: kaji na ciki, kada a zuba toka. Farar ƙasa aikinta lokacin da ɗaki yake fanko, an kwashe, ana kashe ƙwayoyin cuta.

Na uku, kuɗi, zan zo kansa. Bari dai, ku gyara mazubin ruwa da ke yoyo, ku bar iska ta ratsa. Ƙarfin alif makonni kaɗan ne, ba ya maye gurbin taga.

Na'am Hajiya? Tana tambaya, kashin da aka sa wa alif, masu noman rani za su saya?

Hajiya, ya ma fi daraja. Amoniyar da ke tashi, naitirojin ne, abin da manomi ke biya a buhun Uriya. Kin riƙe shi a kashin, mai tumatir a Kadawa ya samu. Alif kuma yana kama sinadarin fosfaras, wani abincin shuka da ke cikin kashin, ruwan sama ba ya kwashe shi da yawa zuwa rafi, dalilin da ya sa ma aka fara binciken a Arkansas kenan. Sai dai ki sa safar hannu da takunkumi, ki cakuɗa shi da shimfiɗar sosai kafin tsaki su iso, don kada su tsattsage shi a zaton abinci ne. Wa ke da wata tambayar?