Hunturu, damina da wuyan jitar bes

Nura: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Nura ne, ga Hajara nan mai riƙe mana bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ga kuma Baba Iliya, wanda ya kaɗa bes tun kafin a haife mu, yanzu kuma gyaran kayan kiɗa ne sana'arsa. Baba, barka da zuwa, ya sanyi?

Baba Iliya: Sanyi lokacinsa ne, yaro. Shi ne ma ya cika min shago da aiki. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ga ana ta shigo da jita, kowa da kukansa. Wannan ya ce tsirkiya na ƙara kamar ƙuda, wancan ya ce ƙarafan wuya na yankar masa hannu.

Hajara: Tawa ma haka ta yi, Baba. In na zame hannu a gefen wuyan, sai in ji bakin ƙarafan na karce ni, alhali da damina sumul yake.

Baba Iliya: Ba lalacewa ta yi ba, 'yata. Kin san yadda ƙyauren katako ke kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma ya motse har haske na shigowa ta gefe? To wuyan jita ma katako ne. Iska ta bushe, danshi ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon ya tsuke, ƙarfen firet kuwa, wato ƙarafan nan da aka gitta a wuyan, bai san hunturu ba, yana nan yadda yake, sai bakinsa ya leƙo. Mai gyara zai goge bakin da ƙaramin magagari sau ɗaya, a wannan lokacin na bushewa, kin huta ke nan.

Nura: Baba, yawancin masu koyo in jita ta yi musu tauri sai su ce ai don mai arha ce.

Baba Iliya: Wannan magana tana ba ni takaici. Na ga yara da yawa sun ajiye bes sun ce ba su da baiwa, alhali tsirkiyar ce ta yi nisa da wuya, sai sun matse da dukkan ƙarfinsu kafin sauti ya fito. Jita mai arha da aka saita da kyau ta fi mai tsada da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Kuma saitin abu uku ne, a jere suke, ba a tsallake ɗaya: lanƙwasar wuya, tsayin tsirkiya, sannan daidaiton sauti.

Hajara: Ku fara mana da wuyan, don shi mutane suka fi tsoro.

Baba Iliya: Tsirkiyoyi huɗun nan suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Don haka aka binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, tiros rod, tana ja ta ɗaya ɓangaren. Miƙo min taki. Kin ga, na danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannun hagu, na danne ta kuma a can ƙarshen wuya da hannun dama. Yanzu tsirkiyar ta zama ma'auni miƙaƙƙe. Leƙa tsakiya, wajen firet na 7 ko na 8. Me kika gani?

Hajara: Akwai rata tsakanin tsirkiyar da ƙarfen. Har katin ATM zai shige.

Baba Iliya: To ta yi yawa. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, abin da ake so kuwa wajen milimita 0.3, kamar kaurin ɗan kwalin katin kasuwanci. Sai a ɗan sassauta tsirkiya, a sa alanki, ɗan ƙarfen nan na murɗa goro, daidai bakin goron sandar, a murɗa dama, kwata ɗin zagaye kawai. A mayar da sauti, a bar katako ya zauna, a sake aunawa. In kuwa ba rata ko kaɗan, tsirkiya na kwance kan ƙarafa tana zuza a firet na farko-farko, hagu za a murɗa. Abu ɗaya nake roƙo: in sandar ta cije, a tsaya. Wanda ya sa ƙarfi ya karya ta a ciki, sau da yawa sai dai sabon wuya.

Nura: Kuma alankin sai ya dace da goron.

Baba Iliya: Ƙwarai. Na Amurka da inci suke aunawa, na Asiya yawanci da milimita. Ka sa wanda ya yi kusan daidai, ka cinye bakin goron, ka jawo wa kanka aiki. Bayan wuya sai tsayin tsirkiya, a kan jaki, wato mazaunin tsirkiya a jikin jitar, inda kowace tsirkiya ke da ƙananan kusoshi biyu. A firet na 12, mai kauri ta yi sama da milimita 2 kaɗan, siririyar ta ɗan fi ta ƙasa. Mai bugu da ƙarfi ya ɗaga, mai hannu a hankali ya sauke.

Hajara: Na ukun ni na fi sani, don shi ya taɓa hana mu ɗaukar waƙa a situdiyo. Kana saita tsirkiya a sake, na'ura ta ce daidai, amma da ka hau can saman wuya sai ka ji kai da mai fiyano kun raba hanya. Abin da ake yi, ka kaɗa tsirkiyar a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. Sautin ɗaya ne, na biyun ya fi tsini kawai. In na'ura ta nuna ya haura, ka ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. In ya gaza, ka turo shi gaba. Sukundireba da manhajar saiti ta waya sun wadatar.

Baba Iliya: Amma da sabuwar tsirkiya ake wannan. Tsohuwa mai tsatsa ƙarya take yi wa na'ura.

Nura: Ga tsadar tsirkiyar bes kuma. Na ji wasu na dafa tsohuwa a tukunya.

Hajara: Tana washewa kam, don dattin da ya maƙale a tsakanin naɗin ƙarfen yana fita, amma kwana kaɗan ne, kuma in ba ta bushe sarai ba tsatsa ce za ta biyo. Abin da ya fi shi ne ƙyalle busasshe a cikin jaka. Ka wanke hannu kafin ka ɗauka, ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa in ka gama. A gidan biki da zafin bazara, gumin dare ɗaya ya isa ya kashe sabon saiti.

Baba Iliya: Kuma ba kowa ke son sautin sabuwa ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa wa kamfanin Motown a Ditiroit a shekarun 1960, tsirkiya mai santsi yake sawa, ba ya canza ta sai ta tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake bugu. Mai kaushin nan da kowa ke sawa yanzu, mai ƙara tar-tar, kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yaɗa ta a tsakiyar shekarun 1960. Mai kiɗan rege ko hailaif da ke son sauti mai kauri, mai santsin ta fi masa, tana kuma shekaru.

Nura: Shi Jamerson ai da babbar ya fara, ko Baba?

Baba Iliya: Da dabul bes ya fara, babbar nan ta katako da ake kaɗawa a tsaye, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kontirabas. Ita ce uwa. Sai a 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya, saboda masu kiɗa sun gaji da ɗaukar abin da ya fi mutum tsayi, ga shi ganga da ƙahonni na danne sautinta. Ya bar saitin yadda yake, E, A, D, G, ya sa mata firet, ya haɗa ta da lantarki. A 1960 ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya. A nan ƙasar dabul bes ba ta da yawa, sai irin cibiyar kiɗa ta MUSON a Legas, da wasu makarantun kiɗa da majami'u. Shi ya sa duk wadda ta shigo hannuna nake lallaɓa ta, don in ta mutu ba a kan hanya ake tsintar wata ba.

Hajara: Me ya fi kashe ta?

Baba Iliya: Mai kyakkyawar niyya da bai san cikinta ba. Jakinta ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ya danne shi, kamar dai jakin goge. A cikin cikinta kuma akwai wani ɗan turken katako tsaye tsakanin gaba da baya, a ƙarƙashin ƙafar jaki ta ɓangaren siririyar tsirkiya. Shi ma ba gam, matsewa ce ta riƙe shi. Sai mutum ya ce bari ya cire tsirkiyoyi duka huɗu ya goge ta fes. Yana cirewa sai ya ji ƙwal a ciki, turke ya faɗi. In bai sani ba ya mayar da tsirkiya ya ɗaure, fuskar na iya lotsawa ko ta tsage. Ɗaya bayan ɗaya ake canza tsirkiya, har abada.

Nura: Hunturu fa, ya take yi da shi?

Baba Iliya: Ita ce ta fi shan wuya, musamman wadda aka sassaƙa daga tsantsar katako. Danshin da take so kashi 40 zuwa 60 ne. In iska ta bushe, ko dai haɗin gefe ya buɗe, ko fuska ta tsage. Buɗewar haɗi sauƙi ce, da gangan ma aka yi shi haka. Gam ɗin fatar dabba ake sawa, wanda zai saki kafin katako ya fashe, kuma ruwan ɗumi na narkar da shi in za a gyara. To sai ka ga an kai wa kafinta ya zuba gam ɗin kujera ko sufa gulu. Badi in katako ya motsa, haɗin ya ƙi saki, sai fuskar ta tsage daga sama har ƙasa. Wallahi na fi son a kawo min ita a buɗe da a kawo min ita an liƙe.

Hajara: To wanda ke Kano ko Zinder ya zai yi?

Baba Iliya: In zai saya, ya nemi ta filawud, ta fi jure yanayinmu nesa ba kusa ba. In kuma ta tsantsar katako ce a hannunsa, ya sa ta cikin rigarta, a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ya ajiye bahon ruwa a ɗakin, ya sayi ƙaramar na'urar auna danshi. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a jingina ta a bango. A mayar da ƙafar ƙarfen da take tsayawa a kai ciki, a kwantar da ita a gefenta. A riƙa duba jaki, don duk ɗaurin tsirkiya yana jan kansa gaba kaɗan-kaɗan. A goga bakin fensir a ramin da tsirkiya ke zama, a miƙar da shi da hannu biyu a hankali. Tsirkiya kan yi sama da damina ta sauko da hunturu, shi ya sa jaki mai ƙafafun murɗawa ke da amfani. Ƙaron da aka shafa wa izgar baka kuma, a goge ƙurarsa daga jikinta, a sassauta bakan in an gama. Turare da sanitaiza kada su kusanci fentinta, suna narkar da shi.

Nura: Hajara, mu taɓa hannu kafin lokaci ya ƙure. Me kike fara koya wa sabon ɗalibi?

Hajara: Yin shiru. Kowa na iya fitar da sauti, amma hana sauran tsirkiyoyi uku gunaguni shi ne aikin. Babban yatsan dama ya zauna kan fikof, wato abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, ko kan tsirkiyar da ba a bugawa, manuniya da na tsakiya su riƙa karɓa-karɓa, yatsun hagu su kwanta kan na ƙasa. A danne dab da bayan ƙarfen firet, nan ne ba ya buƙatar ƙarfi. Sannan a ƙara murya a amfilifaya a sassauta hannu. Mai bugu da ƙarfi bororo yake samu, sautinsa kuma ya shaƙe. Sai kunne: ƙafar mai ganga nake saurare, inda ya taka nan nake sauka, kuma inda na yanke sauti yana da nauyi daidai da inda na fara shi. Wanda ke son ya ji hannu mai laushi ya saurari Richard Bona ɗan Kamaru.

Baba Iliya: A dabul bes kuma kar a kawo yatsa ɗaya firet ɗaya. Tsayin tsirkiyarta ya haura mita ɗaya, ta jita kuwa santimita 86 ce. A ƙasan wuya yatsu uku ake sawa, manuniya, na tsakiya da ƙarami, na zobe yana taya ƙaramin, kamar yadda Franz Simandl ya tsara a Biyana tun ƙarni na 19. Nauyin hannu daga kafaɗa shi ke danne tsirkiya, ba matsewar babban yatsa ba. Kantar yatsu za ta fito da kanta, amma ciwon wuyan hannu alama ce ta a tsaya a gyara tsayuwa.

Nura: Ni abin da ke damuna a wajen wasa shi ne zugugin nan da ke fitowa daga sifika in an tada janareto.

Hajara: Fara da wayar da ke haɗa jita da amfilifaya, sau da yawa ita ce. In ka taɓa tsirkiya ƙarar ta ragu, ba abin tsoro ba ne sosai. In kuwa ka ji wuta ta ɗan ja ka a tsirkiya ko a makirufo, ajiye jitar nan take a kira mai lantarki, wannan maganar rai ce. A sa sitabilaiza tsakanin janareto da amfilifaya. Kuma mai jita mai batir, mai bolt 9 ɗin nan, ya zare waya in ya gama, don muddin tana ciki batir na ci. Ya ajiye guda a aljihun jaka.

Baba Iliya: Ga taki nan, na murɗa kwata ɗaya. Kar ki ƙara taɓa sandar yau. Gobe da safe ki sake aunawa, in ratar ba ta sauko ba ki ƙara kwata, sannan ki je kan jaki. Farkon damina kuma ki sake duba ta.

Hajara: Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma.

Nura: Mu ma mun gode. Mako mai zuwa amfilifaya da sifika za mu buɗe, Baba zai nuna mana dalilin da ya sa bes ke yaga ƙaramar sifikar jita. A huta lafiya.