Darasi: Sikanin FAST a ɗakin gaggawa

Salamu alaikum abokan aiki, barkanmu da warhaka. Yau FAST za mu yi, sikanin neman jini a cikin wanda aka kawo daga haɗari. Kunna na'ura da zaɓen kai mai lanƙwasa, wato abin da ake ɗorawa a jikin majiyyaci, na 2 zuwa 5 MHz, wannan duk kun iya. Alamar da ke jikin kan na'urar ta kalli wajen kan majiyyaci.

Gefen dama tukuna. Layin tsakiyar hammata, wajen haƙarƙarin ƙasa. Ga hanta, ga ƙoda. Baƙin layi a tsakaninsu, to ruwa ne, kuma a mai haɗari jini za ka ɗauka. Ka leƙa har bakin hanta na ƙasa, nan yake fara taruwa.

To, hagu, nan ne ake shan wuya. Saifa ba ta kai hanta girma ba, kuma ta fi komawa baya da sama. Ka sauke hannunka har gaɓoɓin yatsunka su taɓa katifa. Ƙara sama... a'a, inuwar haƙarƙari ce wannan, bari in ɗan juya kan ya bi tsakanin ƙasusuwan. Yauwa, ga ta. Kada ka tsaya kan tsakanin saifa da ƙoda kaɗai. A hagu jini ya fi son taruwa saman saifa, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Sai ka ga tantanin nan da idonka kafin ka ce babu komai.

Mara kuma, ka duba kafin a sa robar fitsari, don cikakkiyar mafitsara ce ke nuna maka bayanta. Sannan zuciya, ta ƙasan ƙashin ƙirji.

Abin da nake roƙonku: rashin ganin jini ba ya nufin babu shi. Raunin hanji da zubar jini ta bayan ciki, FAST ba ya kama su sosai. Ka maimaita bayan ɗan lokaci. Wanda jininsa ke sauka kuma ka ga ruwa, kira likitan tiyata, kada ka tsaya gyara hoto. In ana danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, leƙen zuciya kada ya wuce daƙiƙa 10.

Ni ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da waya na fi so, aljihu take shiga, ba ruwanka da ɗaukewar wuta. Amma kowacce ce, a goge jel, a tsabtace kan da abin da kamfanin ya amince da shi kafin majiyyaci na gaba. Inda fata ta yage, sa wa kan na'urar riga, ka yi amfani da jel na ƙulli ɗaya, ba na kwalbar da kowa ke matsawa ba.