Yaron da ke Tsoron Rasa Gida Karo na Biyu: Lacca kan Matasan LGBT da ke Hannun Masu Riƙo

Jama'a, barkanmu da warhaka. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, saboda haka ba zan tsaya dogon share fage ba.

Maganarmu a kan yaran da hukuma ta karɓa daga hannun iyayensu ta damƙa wa wani gida riƙo ce, musamman waɗanda ake kira LGBT, wato masu sha'awar jinsinsu, da masu sha'awar maza da mata duka, da waɗanda ke jin jinsin da aka haife su da shi bai dace da su ba. Na san ra'ayoyinmu a zauren nan sun sha bamban a kan wannan batu, kuma ba muhawarar aƙida ta kawo ni ba. Tambayata ɗaya ce: yaro yana hannunka amana, bai kai munzalin tsayawa da ƙafarsa ba, me yake buƙata daga gare ka?

Da farko a san cewa ba 'yan tsiraru ba ne. A 2014, cibiyar Williams ta Jami'ar Kalifoniya ta yi bincike a gundumar Los Anjeles ta Amurka, ta gano kusan kashi 19 cikin 100 na matasan da ke hannun riƙo suna cikin wannan rukuni. A 2020 wani binciken a birnin New York ya samu kimanin kashi 34 cikin 100. Duk wanda ya daɗe yana riƙon matasa, to da wuya a ce irin wannan yaro bai taɓa kwana a gidansa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Binciken Los Anjeles ya kuma nuna an fi yawan sauya musu gida, an kuma fi kai su gidajen da ake tara yara da yawa ƙarƙashin ma'aikata maimakon gidan iyali.

Wasunsu abin da ya raba sauran yara da gida shi ya raba su: sakaci, duka, shaye-shayen iyaye. Wasu kuwa ranar da asiri ya tonu ranar aka nuna musu ƙofa. To ku dubi wannan na biyun. An kawo shi sabon gida da kayansa a baƙar leda, irin ta zuba shara, don sau da yawa da ita ake kwashe musu kaya in za a sauya gida. An nuna masa gado, an ce ya saki jiki. Ta yaya zai saki jiki? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai ya zauna yana kasa kunne. Ana kallon talabijin, aka nuno irinsa, maigida ya ja tsaki ya ce "Allah wadai", shi ke nan yaro ya samu amsar tambayar da bai yi ba. Zai goge saƙonnin wayarsa kullum dare, zai ƙirƙiro budurwar ƙarya, zai daina kawo abokai gida. Daga baya a rubuta a rahoto cewa yaron miskili ne, ba ya son mutane. Ba miskilanci ba ne, lissafi yake yi: in na faɗa, ina zan kwana gobe?

Ga wani abin da yaron da ke gaban iyayensa bai san shi ba, wato fayil. Ɗan riƙo rayuwarsa a rubuce take. Jami'in walwala ya rubuta, makaranta ta rubuta, a zauna taro a kansa mutum shida ko bakwai. In ya yi ƙarfin hali ya gaya wa jami'i ɗaya sirrinsa, jami'in ya sa a fayil, to takarda za ta riga shi isa gida na gaba. Wani lokaci ma har ta koma kunnen dangin da yake tsoro. A ganina wannan ya fi yawancin laifuffukan da muke yi muni, domin da kyakkyawar niyya ake aikata shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba rayuwarsa ce ke cikin haɗari ba, a tambaye shi kafin a rubuta, a gaya masa wa zai karanta.

Yanzu ga abin da nake so masu riƙo su tafi da shi. Dakta Caitlin Ryan ta Jami'ar Jihar San Faransisko ta wallafa bincike a 2009. Matasan da iyalansu suka yi wa mummunar ƙyama sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu, kusan sau 6 wajen ciwon damuwa mai tsanani. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, waɗanda aka ƙyamata sama-sama haɗarinsu bai kai na waɗanda aka yi wa tsananin ƙyama ba. Ma'ana ko rage zafi aka yi, an ceci wani abu. Ita da abokan aikinta sun yi aiki da iyalai masu riƙo da addini sosai, ba su ce su bar imaninsu ba. Abin da suka nema a aikace yake: kada a zage shi, kada a ware shi daga hidimar gida, kada a bari 'yan'uwa su mai da shi abin dariya, in an ci zalinsa a makaranta a je a tsaya masa. Na ji wani ya ce daga baya can, "In na yi haka ai na goyi baya ke nan." A'a, malam. Hana a daki yaron da ke hannunka aikinka ne tun ranar da ka sa hannu ka karɓe shi.

Su kuma hukumomi, nasu laifin shi ne rashin tambaya tun wuri. A tambayi mai neman riƙo kai tsaye yadda zai yi in irin wannan yaro ya zo masa. In ya ce ba zai iya ba, ya faɗi gaskiya, an gode masa, sai a nemi wani gidan. Ya fi a kai yaro a dawo da shi bayan wata uku.

Sai batun fita daga hannun riƙo. A Ingila, a 1989, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Albert Kennedy, wanda ya gudu daga gidan yara, ya faɗo daga saman benen ajiye motoci a Manchesta ya mutu. Wata mai riƙon yara, Cath Hall, ta kafa gidauniya da sunansa a wannan shekarar, har yau gidauniyar tana nema wa irinsu matsuguni. A 2017 cibiyar Chapin Hall ta Chikago ta gano haɗarin rasa wurin kwana ga matasan LGBT ya ninka na sauran fiye da sau 2. Ɗan riƙo in ya cika 18, a wurare da yawa hukuma ta gama da shi. Shi ya sa dokar Amurka ta 2008 ta ba jihohi damar tsawaita riƙo zuwa 21, Ingila ma daga 2014 ta bar matashi ya ci gaba da zama da mai riƙonsa har 21. Sai dai dokar ta Ingila ba ta amfanar wanda aka yi ta jefawa daga gida zuwa gida, don ba shi da mai riƙon da zai ce masa zauna.

Ana ta nuna mini agogo. A kawo tambayoyi, mu fara da baiwar Allah da ke ɗaga hannu a layi na uku.